Ruwa daban, abinci daban: yanda ake shan ruwa bayan tiyatar rage ƙiba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 2 kenan da aka yi min aikin rage tumbi, kuma cikin duk tambayoyin da masu shirin yin aikin ko waɗanda suka dawo daga yinsa suke min, maganar ruwa ce ta fi yawa. Wai Aunty da gaske ne mutum bazai ƙara cin abinci yana korawa da ruwa ba? To in abinci ya tsaya min fa? In yaji ya kama ni fa? Shi ya sa nace bari dai in zauna in rubuta shi gaba ɗaya yanda na fahimta a wajen likitana da mai kula da abincina, da kuma yanda na gani a jikina. Zan dinga cewa ki ki sabida mata ne suka fi tambayata, amma maza duk abun nan ya shafe ku.

Dokar kanta gajeriya ce. Ki tsayar da shan ruwa minti 30 kafin ki fara cin abinci, kar ki sha komai lokacin da kike ci, sannan in kin gama ki jira wani minti 30 kafin ki kai kofi baki. Asibitoci sun ɗan bambanta a kan lissafin, wasu suna cewa minti 15 ya isa kafin abinci, wasu kuma suna ja da na bayan abinci har minti 45 ko awa 1, to ke dai abun da likitan da ya yi miki aiki ya rubuta miki shi zaki bi, ba na ƙawarki da aka yi wa nata a Indiya ko Turkiyya ko Masar ba. Amma duk sun haɗu a abu ɗaya, kar a haɗa loma da kurɓa. Kuma na bayan abincin shi ne mai nauyin, in ma zaki yi sakaci kar ya zama a nan.

Ni mutum ce da in ban gane dalilin abu ba bana iya riƙe shi, don haka bari in miki bayanin dalilin. Tumbin babban mutum kafin aiki yana ɗaukar abun da ya kai lita 1 zuwa lita 1 da rabi in aka ci aka ƙoshi. A aikin da ake kira silib, wanda shi aka yi min, ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin a cire shi gaba ɗaya, abun da ya rage ya zama siriri dogo kaman ayaba. A aikin baifas kuma ɗan aljihu ake warewa a saman tumbin wanda bai wuce girman ƙwai ba, wajen mil 30, wato babban cokali 2, sai a jona shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Kinga kenan wajen da kike da shi ɗan mitsitsi ne. In kika zuba ruwa a ciki, ina naman zai zauna? Ina ƙwan zai zauna? Alhali ana so ki samu furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai da kifi da wake, giram 60 zuwa 80 a rana don kar jikinki ya dinga cin tsokarki, kar gashi ya yi ta zubewa, kuma ciwon ya warke da kyau. Duk kurɓar da kika yi a tsakiyar ci, wajen loma ɗaya ta kifi ko alale ta cinye.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi shigata. Duk macen da ta taɓa tace ƙullun koko ta san wannan, in ƙullun ya yi kauri kika zuba shi a abun tata zama yake yi, baya wucewa, sai kin ɗebo ruwa kin zuba kin motsa sannan ki ga yana zuba shaaa ta ƙasa. To haka sabon tumbinki yake. Abinci mai kauri da kika tauna yana zama a ciki yana sauka a hankali, kuma wannan zaman da yake yi shi ne ƙoshin da kike ji na awa 3 ko 4, shi ne ma amfanin aikin da kika kashe kuɗi kika sha wahala a kai. Kina kora ruwa kin sirka shi kenan, ya wuce hanji da wuri, bayan ɗan lokaci kaɗan sai ki ji kina neman abun taɓawa. A watannin farko bazaki lura ba don kilo na sauka da kansa, amma bayan shekara 1 ko 2 lokacin da kumburi ya tafi tumbin ya saki, mai korawa da ruwa tana iya cin abinci fiye da wadda bata korawa, kuma wannan na cikin hanyoyin da ƙiba take lallaɓowa ta dawo ba a sani ba.

Akwai kuma abun da likitoci suke kira damfin, wato abinci ya faɗa hanji da gudu tun bai shirya karɓarsa ba. Ya fi kama masu baifas sabida su abincinsu baya bi ta ƙofar ƙasan tumbi wadda take tare shi tana sakinsa kaɗan kaɗan, amma masu silib ma wasu suna gamuwa da shi. Minti 10 zuwa 30 bayan ci sai zuciya ta kama bugawa fat fat, gumi ya karyo, jiri, tashin zuciya, murɗawar ciki, wani sa'in har da gudawa. Akwai kuma mai zuwa a makare bayan awa 1 zuwa 3, shi kuma sugan jini ne yake faɗuwa, jiki ya kama rawa ki ji kaman zaki faɗi. Kayan zaƙi ne babban mai tayar da shi, ruwa a kan abinci kuma yana ƙara masa gudu, in aka haɗa su biyun misali shinkafa da lemun kwalba, to an kira shi da hannu biyu.

Ni wallahi ban ɗauki maganar da nauyi ba sai da ta same ni. Sati na 5 ne bayan aiki, an dafa min alale mai laushi da ƙwai a ciki, ina zaune a falo na ci cokali 3 ƙanana, daɗi ya kama ni don na gaji da romo da kunu. Ɗiyata ta kawo ruwa ta ajiye a gabana kaman yanda aka koya mata tun tana ƙarama, ni kuma hannuna ya ɗauka ban ma san na ɗauka ba, na yi kurɓa biyu manya. Ban ajiye kofin ba na ji wani abu ya tokare min ƙirji daidai ƙasan ƙashin nan na tsakiya kaman an cusa dutse, yawu mai kumfa ya cika min baki, ba zama ba tsayuwa, na kama bango ina zagaye falon har sai da komai ya dawo. Yarinyar tana tsaye tana kuka tana cewa Mama ki yi haƙuri, ita a zatonta ita ta jawo. Daga ranar na gane ashe hannu ne yake buƙatar horo, don mu tun tasowarmu ba a ajiye kwanon tuwo ba tare da kofin ruwa a gefe ba.

Kafin in ci gaba, satin farko farko lissafinsu daban ne kar ki rikice. Kina fitowa daga aiki ruwa ruwa zalla za a sa ki, ruwa, romo tatacce, daga baya madara marar kitse da yogot marar suga da irin su, a wannan lokacin abincin naki ma ai ruwa ne, to babu abun da za a raba. Aikinki kawai kurɓa. Ki nemi ƙaramin kofin awon magani mai mil 30, in babu to babban cokali 2 kenan, ki dinga shanye shi a hankali duk minti 15 in kina farke. Zai miki kaman wasa amma a lokacin ciki a kumbure yake, wannan ɗin ma sai kin daure. Dokar minti 30 tana fara aiki ne ranar da aka ce ki fara abinci niƙaƙƙe ko mai laushi, daga nan kuma ta zauna kenan, har zuwa lokacin da zaki koma abinci sosai wajen sati 6 zuwa 8, har bayan nan. Yawancin likitoci suna cewa a riƙe ta har ƙarshen rayuwa.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke faɗawa, ni ma na faɗa. Bayan abun alalen nan sai na tsorata da ruwa gaba ɗaya, in na ga kofi gabana faɗuwa yake yi. Kuma abun ya faɗo a watan Afrilu, wanda ya san Kano a Afrilu ya san me nake nufi, zafi ya haura digiri 40, ba wuta, gumi kawai kike yi ko kina zaune. Da can in na dawo daga rana zan ɗaga leda 2 ta fiya wata in shanye a tsaye in huce, yanzu wannan hanyar ta rufe, ni kuma ban buɗe wata ba. Kwana 3 ina fama da ciwon kai, in na miƙe sai in ga duhu, leɓe ya bushe ya tsage, fitsari ɗan kaɗan kalar shayi, ga tashin zuciya wanda shi kuma yake ƙara hana ni sha. Ƙarshe sai da maigida ya kwashe ni zuwa asibiti aka ɗaura min ƙarin ruwa. Likitan ya faɗa min ƙarewar ruwa a jiki na cikin manyan dalilan da suke mayar da mutane gadon asibiti a watan farko bayan irin wannan aiki. Ba a ce kar ki sha ruwa ba 'yar uwa, cewa aka yi ki canza masa lokaci. Ana so ki sha lita 1 da rabi zuwa lita 2 kullum, a lokacin zafi ma ki fi karkata ga 2 ɗin ko sama, sai dai in kina da ciwon ƙoda ko na zuciya da likita ya ƙayyade miki ruwa. In ba haka ba ga taurin bayan gida, ga kasala, ga tsakuwar ƙoda wadda dama masu baifas sun fi saurin kamuwa da ita.

Ga yanda nake lissafa nawa. Ledar fiya wata rabin lita ce, kenan leda 3 zuwa 4 ake nema a rana. Kowane cin abinci yana cinye miki awa 1 da rabi da ba sha, minti 30 kafin, wajen minti 30 na cin kansa, minti 30 bayan. Sau 3 a rana awa 4 da rabi kenan. In kina farke awa 16 saura miki awa 11 da rabi, in kika raba lita 2 a kansu bai kai mil 200 a awa ba, ƙaramin kofin shayi ɗaya kenan duk awa. Kinga ba wani abu bane mai yawa, matsalar kawai in kika bari safiya ta wuce baki sha ba, bazaki iya ramawa da yamma ba don ba wajen zubawa.

Ni da lokutan sallah na ɗaure nawa don su bana mantawa da su. Ina idar da asuba nake juye leda ta farko a gora in fara kurɓa ina lazimi ina shirya yara, ƙarfe 7 da rabi in ajiye, ƙarfe 8 in karya, 9 in ɗauki gora. Leda ta biyu dole ta ƙare kafin azahar. In ci na rana wajen ƙarfe 2 da rabi bayan na yi sallah, lokacin alwala da sallar ma ya cike min rabin jiran. Ta uku daga la'asar zuwa magariba. Abincin dare bayan magariba, ta huɗu kuma bayan isha a hankali, amma bana kai ta har bakin gado, ina tsayawa kaman awa 1 kafin in kwanta sabida masu silib ƙwannafi yana yawan damunmu, in kika kwanta da ciki cike da ruwa zaki ji shi yana taso miki har maƙogwaro. A watannin farko alam nake sawa a waya, ina ajiye cokali in danna minti 30, sai ta yi ƙara nake taɓa gora. Yanzu jikina ya riga ya san lokacin. Gorar nan kuma duk inda zani tana jakata, kasuwa, makarantar yara, gidan biki, cikin adaidaita, ko'ina.

Shi kansa shan ma akwai yanda ake yi. Ki zauna, ki kurɓa kaɗan, ki haɗiye, ki numfasa, sannan ki ƙara, dama ai haka aka koyar da mu a sunna, a zauna a sha ana numfasawa ba a ɗaga kai a kwankwaɗe ba. Kar ki tsotsa daga ledar kai tsaye kina matsawa don ruwan yana shigowa da ƙarfi fiye da yanda kike zato, ki juye a kofi ko gora mai ƙaramin baki. Tsinken shan lemo ma da yawan likitoci suna hanawa a farko don yana shigar da iska ciki. Kuma kar ki yi mamaki in kika ji ruwa zalla yana miki nauyi ko yana tayar miki da zuciya bayan aiki, da yawa muna haka. Ki gwada mai ɗumi, ki gwada na randa, ki gwada mai sanyi, ɗaya zai karɓe ki, ni mai ɗumi ne ya karɓe ni har wata 3. Zaki iya jefa yankan kokwamba ko ganyen na'a na'a ko 'yar citta kaɗan a ciki ya canza ɗanɗano. Lemun tsami in kina da ƙwannafi ki bar shi.

To yaya za a ci abinci ba ruwa bai tsaya ba? Abu na farko ki ɗauke kofin daga gabanki kwata kwata, ki faɗa wa mutan gida kar wanda ya ƙara kawo miki ruwa tare da abinci, in ba ya kusa hannu bazai kai ba. Na biyu ki rage yaji da gishiri da magi, sabida rabin ruwan da muke sha a kan abinci yaji ne yake sa mu, ki ci tsire da yajin ƙuli ko ɗanwake da barkono ki ce bazaki sha ruwa ba ai kin wahalar da kanki, ni sai da na sa ake ɗebar min miyata kafin a zuba attaruhu. Na uku kar ki ci abu a bushe. Miya ba ta cikin abun da aka hana, miyar kuka, kuɓewa, taushe, 'yar miyar tumatir marar mai da yawa, cokali 1 ko 2 a kan kifi ko kaza yana sa su sauka lafiya. Naman da aka dafa ya yi luguf ya fi soyayye ko gasasshe, cinyar kaza ta fi ƙirjinta laushi, kilishi da busasshen balangu kuwa ki ba su lokaci mai tsawo. Ki fara da furotin ɗin, ƙwai, kifi, awara, alale, nama, sannan ganye, in da sauran waje sai ki taɓa tuwo ko shinkafa.

Tuwo kam sai na tsaya a kansa, don mu ba tauna shi muke yi ba, a yanko a mulmula a dangwali miya a haɗiye, in ya yi nauyi a bi shi da ruwa. Wannan cin ya ƙare. Lomarki yanzu kar ta wuce girman ƙwayar gyaɗa 2 ko kan ɗan yatsa, kuma ki tauna kowace loma sau 20 zuwa 30 har ta zama kaman kunu a bakinki, yawunki shi ne ruwan da zai sauke ta. Ki ajiye cokali tsakanin loma da loma. Burodi sabo mai laushi da shinkafa da taliya su ma suna dunƙulewa su tokare, a yi hankali da su. In bakinki ya bushe sosai bayan ci kina jiran minti 30 ɗin, ki kuskure baki ki zubar, ko ki yi asuwaki, yana taimakawa sosai wallahi.

In kuma duk da haka abu ya tsaya, kar ki kora. Na san shi ne abun da zuciya zata fara ce miki, amma ruwan ba shi da hanyar wucewa, a saman abincin zai taru ya ƙara matsi sai amai. Ki daina ci nan take, ki miƙe ki ɗan zagaya a hankali, ki tofar da yawun da yake taruwa, yawanci zai sauka da kansa ko ya dawo. Bayan ya lafa ki huta wa cikin, ki koma ruwa mai ɗumi kaɗan kaɗan sannan abu mai laushi a ci na gaba. In ya ƙi lafawa awanni suna tafiya ko ruwa baya wucewa, asibiti za a tafi.

Wata tambayar da ake yawan min, fura da nono fa? kunu fa? koko? Waɗannan abinci ne, ba a lissafa su cikin leda 4 ɗin nan, kuma ba a kora wani abincin da su. Koko da ƙosai a zama ɗaya haɗa loma da kurɓa ne ko da ba ruwa a wajen, ki zaɓi ɗaya, ko ki ci ƙosan ki jira. Haka shayi da burodi, haka gari da aka jiƙa. Farfesu kuma ki tsamo naman ko kifin ki ci, roman ki ajiye sai anjima, ko ki sha roman tun da wuri ki jira sannan ki ci naman. Sannan ki sani duk abun sha mai suga wucewa yake yi sumul ba tare da kin ji ƙoshi ba, aikin da aka yi miki baya tare shi ko kaɗan, mutum zai iya yini yana shan kunun aya da zoɓo mai suga da fura da shayi mai madarar gwangwani yana cewa ai ni bana cin komai, kilo kuma ya tsaya cak ko ya fara hawa. In zaki sha zoɓo ki dafa naki a gida ba suga ki sirka shi sosai. Lemun kwalba da duk wani abu mai gas ki rabu da shi, iskar tana kumbura ɗan tumbin ta sa ki ciwo ga kuma sugan. Masu zuwa dubiya zasu yi ta kawo miki maltina da madara wai ƙarin jini, da zuciya ɗaya suke kawowa, ki karɓa ki yi godiya ki ba yara.

Shayi da kofi a watan farko ana so a bar su ko a rage sosai, daga baya in an ba ki dama ki sha ba suga. Amma ki raba shayi da maganin ƙarin jinin da aka rubuta miki, sabida ganyen shayi yana hana jiki tsotsar ayan, wato sinadarin ƙarin jinin da ke cikin maganin, kuma dama bayan aikin nan ƙarancin jini yana saurin kama mata. Shi ma kalsiyam, maganin ƙarfin ƙashi, ana raba shi da ayan da kaman awa 2. In akwai maganin da aka ce lallai sai da abinci za a sha, kurɓa ɗaya ƙarama da zata sauke ƙwayar ba ita ce matsala ba, amma ki tambayi likitanki yanda zaki tsara su.

Gidan mutane ne wajen da ya fi min wuya, don a wajenmu ruwa ake fara tarar baƙo da shi, kina zama an dire miki ruwa da lemo, kafin ki gama gaisawa ga abinci ya biyo. Ba kowa kike so ya san an miki aiki ba kuma ba dole bane ki faɗa. Ni abun da nake yi, in na san ba daɗewa zan yi ba sai in zaɓi ruwan in ce Alhamdulillah a ƙoshe nake. In kuma gidan da ba a ƙin cin abincinsu ne kaman gidan surukai, sai in karɓi ruwan in ajiye can gefe, mu yi ta hira, in ci ɗan abun da zan ci, in Hajiya ta ce ke baki sha ruwa ba sai in ce Hajiya likita ne ya ce in dinga ɗan jinkirtawa bayan ci, zan sha in sha Allah. Ba wanda ya taɓa ja da ni a kan wannan, da an ji likita an bar maganar.

Sai azumi. A shekarar farko likitoci yawanci suna hana wanda aka yi wa aikin nan yin azumi, don bazaki iya shan ruwan yini guda a dunƙule da dare ba, kuma Allah da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin suratul Baƙara, ki tambayi likita ki tambayi malami ki bi abun da suka ce, kar kunyar mutane ta sa ki cutar da kanki. In an ba ki dama daga baya, to daren ne zaki tsara da kyau. An kira magariba ki buɗe baki da ruwa a hankali da dabino 1, masu baifas su kula da dabinon don zaƙinsa a kan ciki wayam yana iya tayar da damfin. Ki tashi ki yi sallah, ki bari minti 30 ɗin ya cika, sannan ki ci furotin ɗinki, ƙwai ko kifi ko alale, ba kunu da ƙosai da soyayyen dankali a tare ba yanda muka saba. Bayan minti 30 ki ɗauki gora, ki tafi da ita tarawihi kina kurɓa tsakanin sallama da sallama har ki kwanta. Sahur kuma ki tashi da wuri sosai, ki ci abincin tun da sauran lokaci yanda zaki samu jiran minti 30 sannan ki samu kaman wani minti 30 ɗin ko fiye na kurɓar ruwa kafin a kira assalatu. In kika makara kika tashi saura minti 10, kar ki haɗa su a guje, ni a irin wannan ranar ruwan nake zaɓa. In da rana kika ji jiri mai tsanani ko jiki na rawa ko kina ganin duhu, ki karya.

Ki dinga duba fitsarinki kullum, shi ne ma'aunin da ya fi sauƙi. Fari fari mai ɗan ruwan ɗorawa kaɗan shi ake so, in ya koma kalar shayi ko kin yini baki zaga ba sai sau 1 ko 2, ruwa ya yi ƙasa, ki ƙara yawan kurɓa tun daga lokacin. Ki sani dai bitamin ɗin da muke sha yana sa fitsari ya yi rawaya shar bayan an sha shi, wannan daban ne da duhu. Amma in kika ga duk abun da kika kurɓa dawowa yake har yini guda, ko amai ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki, ko bugun zuciya ya yi sauri ga zazzaɓi ga ciwon ciki mai tsanani musamman a satuttukan farko, ko kina jin ruɗewa da rashin ƙarfi a ƙafafu, kar ki tsaya tambaya a guruf ɗin WhatsApp, a kai ki asibiti a daren. Yawan amai bayan aikin nan yana ƙarar da bitamin B1 a jiki cikin ɗan lokaci kuma rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, don haka kina isa ki faɗa musu irin aikin da aka yi miki da ranar da aka yi, ki tafi da takardunki na asibitin da aka yi aikin, ko da hotonsu ne a waya.